Wuni Ɗaya a Serengeti: Tarihin Dajin da Ake Cewa Ba Kowa a Cikinsa

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba ake tayar da baƙo a masaukan Seronera, a tsakiyar gandun dajin Serengeti da ke arewacin Tanzaniya. Ma'aikaci zai tsaya a bakin tanti ya yi sallama, ya ajiye shayi mai zafi, domin wurin yana kan tudu kimanin mita 1,500 sama da teku, sanyin asubarsa kuma bai yi nisa da na Jos ba. Ƙarfe shida na bugawa baƙo ya shiga Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa sama, direba ya kunna rediyon da suke magana da 'yan'uwansa direbobi, a kama hanya gari bai gama wayewa ba. Daga nan har faɗuwar rana aikin ɗaya ne: a nemi dabba, a tsaya, a kashe inji, a kalla, a ɗauki hoto, a ƙara gaba.

Wanda ya taki sa'a, kafin rana ta take zai ga zakuna kwance a kan dutse, da damisa ta rataye abin da ta kama a reshen itace, da giwaye suna tsallaka hanya da 'ya'yansu a tsakiya. Amma a duk faɗin wannan ƙasa mai murabba'in kilomita kusan 14,750, wato ninkin Jihar Legas sau huɗu, ba zai ga garken shanu ba, ba zai ga bukkar makiyayi ko hayaƙin girki ba. A kan wannan rashin ne kamfanonin yawon buɗe ido suke gina tallarsu, suna cewa ga Afirka yadda take tun fil'azal, kafin ɗan Adam ya taka ta.

Tarihi bai goyi bayan wannan talla ba. Dajin da baƙo yake kallo, a kamanninsa na yau, bai cika shekara 150 ba, kuma annoba da bindiga da doka da allurar rigakafi duk suna da hannu wajen ƙera shi. Kowane sashe na wunin baƙo yana ɗauke da wani yanki na wannan labari, don haka bari mu bi wunin daki-daki.

Asuba: ayarin da ya koma farauta

Kalmar safari, wadda duniya ta san wannan yawo da ita, da harshen Swahili tana nufin tafiya ce kawai. Asalinta Larabci ne, safar, tushen da Hausa ta samo kalmar safara. A ƙarni na 19 idan aka ce safari a Gabashin Afirka, ayari ake nufi. Ɗaruruwan 'yan dako, akasarinsu 'yan ƙabilar Nyamwezi, suna tashi daga Bagamoyo a bakin teku, su bi ta Tabora har Ujiji a gaɓar Tafkin Tanganyika, ɗauke da yadi da duwatsun ado da wayar tagulla, su dawo da hauren giwa da bayi zuwa kasuwar Zanzibar. Duk wanda ya ji labarin fataken Gwanja zai gane tsarin: akwai madugu, akwai zango, ana tashi da asuba a ci tafiya kafin rana ta yi zafi. Bature ɗan Ingila Richard Burton, wanda ya bi wannan hanya tsakanin 1857 da 1859, yana cikin na farko da suka shigar da kalmar cikin Turanci.

Jirgin ƙasa ne ya sauya mata ma'ana. A 1896 Birtaniya ta fara shimfiɗa layin dogo daga Mombasa, ya isa wurin da ya zama Nairobi a 1899, ya kai Tafkin Victoria a 1901. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta kwanaki, attajiran Turai kuma suka gano cewa za su iya sauka daga jirgi su tarar da namun daji a bayan tasha. Kamfanoni suka buɗe a Nairobi suna shirya musu ayari irin na da, da 'yan dako da kuku da masu bin sawu da masu riƙe bindiga. Bambancin kawai shi ne wannan ayari ba ya ɗauke da haja, nishaɗin mutum ɗaya yake yi wa hidima.

Wanda ya fi kowa tallata sana'ar shi ne Theodore Roosevelt. Yana sauka daga shugabancin Amurka a 1909 ya nufo Mombasa da ɗansa Kermit, suka ratsa Kenya da Uganda har Khartoum a 1910. Su biyu suka harbe manyan dabbobi 512, ciki har da zakuna 17, giwaye 11 da karkanda 20, tawagar kuma ta aika wa gidan tarihi na Smithsonian samfurin halittu kimanin 11,000. Littafin da ya rubuta a kan tafiyar ya yi kasuwa ƙwarai, masu kuɗi suka yi ta kwarara a bayansa.

Gadon wannan zamani yana nan a wunin baƙon yau. Fita da asuba, hutawa da tsakar rana, sake fita da la'asar, jadawalin maharbi ne da ya san lokacin da dabba take motsi. Jerin nan na manyan dabbobi biyar da kowane jagora yake ƙoƙarin cika wa baƙonsa, wato zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda, ba don girma ko kyau aka zaɓe su ba. Su ne dabbobin da suka fi haɗari ga mai bin su a ƙafa da bindiga. Shi ya sa dorina da raƙumin dawa ba sa ciki.

Serengeti ta yi nisa da layin dogo, don haka maharba ba su cika isa can ba sai da mota ta zo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da suka iso kuwa, sun yi wa zakunan Seronera ɓarnar da ta sa gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe wani ɗan yanki a 1921, ta faɗaɗa shi a 1929. Tushen gandun ke nan: an fara killace shi ne don kare zakuna daga Turawa masu lasisin harbi.

Hantsi: garken da annoba ta rage, allura ta maido

Da hantsi mota takan fita fili, inda ido ba ya cin karo da komai sai ciyawa da sararin sama. Idan watan Fabrairu ne kuma aka gangara kudu wajen Ndutu, nan baƙo zai ga abin da ya kawo shi: nyumbu. Dabba ce mai ƙirar tsakanin saniya da gwanki, mai gemu da ƙaho lanƙwasasshe, Hausa ba ta da sunanta domin ba ta rayuwa a Afirka ta Yamma. Fiye da miliyan ɗaya ne suke taruwa a wannan fili tare da jakunan dawa da bareyi, su haifi 'ya'ya dubbai ɗari-ɗari cikin 'yan makonni. Idan ruwa ya ɗauke sai su nausa yamma da arewa, su tsallaka Kogin Mara ta bakin kadoji zuwa Kenya, su juyo kudu idan damina ta dawo.

Jagora zai ce haka suke yi tun zamanin da ba wanda ya sani, kuma hanyar tasu tsohuwa ce da gaske. Yawan nasu ne sabon abu. Don a gane haka sai an koma shekarar 1887, lokacin da sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar Massawa ta Iritiriya, ɗauke da cutar da makiyayanmu suke kira bushiya. Ƙwayarta 'yar'uwar ta ƙyanda ce. Tana kama duk dabba mai rababben kofato, ta sa mata zazzaɓi da majina da gudawa, ta kashe ta cikin kwanaki. Dabbobin kudu da Sahara ba su da garkuwarta, sai ta bi nahiyar kamar wutar daji. Ta isa ƙasar Masai wajen 1890 zuwa 1891, ta kai Afirka ta Kudu kafin 1897. A wurare da yawa cikin shanu goma tara suka mutu. Ta yamma ma ba ta bar mu ba, domin a daidai wannan lokaci ta ratsa yankin Tafkin Chadi ta share garkunan Fulani a ƙasar Borno da ƙasar Hausa.

Ga Masai, waɗanda abincinsu da aurensu da martabarsu duk a kan saniya suke, wannan tamkar tashin duniya ne. Bayan bushiya sai yunwa, bayan yunwa sai agana, sai yaƙi tsakanin dangogi a kan ragowar shanu. Suna kiran wannan zamani Emutai, wato shafewa. Oscar Baumann, ɗan ƙasar Ostiriya, wanda a 1892 ya zama Baturen farko da ya leƙa kwarin Ngorongoro ya kuma ratsa Serengeti, ya ba da labarin mutanen da yunwa ta mayar ƙashi da fata suna bin ayarinsa don neman abin da za su sa a baki. Masana tarihi sun yi kiyasin cewa wani babban kaso na al'ummar ya halaka a waɗannan 'yan shekaru.

Da shanu suka ƙare, masu ƙona daji da masu sare shi suka ragu, sai kurmi ya mamaye makiyaya, ƙudan tsando ya biyo kurmi da sammore da ciwon barci. Wuraren da ake kiwo da noma a da suka gagari mutum. Turawan da suka iso bayan 1900 wannan ƙasa suka tarar, ƙasar da ba ta daɗe da binne mutanenta ba, sai suka ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Namun daji ma ba su tsira ba. Bushiya ta zauna a jikin nyumbu da ɓauna shekara saba'in tana kashe 'yan maruƙa, har a farkon shekarun 1960 nyumbun Serengeti ba su wuce kimanin 250,000 ba. A daidai lokacin ne wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya haɗa ingantacciyar allurar rigakafi a cibiyar bincike ta Muguga a Kenya. Aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun allura. Ba wanda ya yi wa nyumbu ko ɗaya, amma cutar ta ɓace daga jikinsu, abin da ya nuna cewa daga shanu take tsallaka musu. Kafin 1977 sun kai kimanin miliyan 1.3. Masanin halittu Tony Sinclair, wanda ya shafe shekaru yana bin wannan sauyi, ya nuna abin da ya biyo baya: garke mai yawa ya cinye ciyawa, gobarar daji ta ragu, itatuwa suka sake tsirowa, zakuna da kuraye suka ƙaru.

A nan ma akwai sawun ƙasarmu. Gangamin haɗin gwiwa na farko da ƙasashen Afirka suka yi don yaƙar bushiya, a wani taro a Kano aka tsara shi a 1961, aka fara shi a 1962 da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Cutar ta sake dawowa ta yi wa makiyayanmu mummunar ɓarna a 1983, kafin a ayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Garken da baƙo yake ɗauka hoto da hantsi, ɗan wannan yaƙi ne na likitocin shanu.

Tsakar rana: zanen da ke jikin dutse

Idan rana ta take dabbobi sukan shige inuwa, baƙi su buɗe kwalin abincinsu. Wasu jagorori sukan kai su Moru, inda manyan duwatsu suka tsaya a tsakiyar fili kamar tsibirai. A jikin wani kogo akwai zanen garkuwoyin Masai da farin ƙasa da ja da baƙi. Kusa da shi akwai dutsen da idan aka ƙwanƙwasa yake ƙara kamar ƙararrawa, irin waɗanda muke da su a Birnin Kudu, jikinsa duk ramukan bugu. Wannan ne kusan wuri ɗaya a wunin da baƙo zai ga shaidar cewa an taɓa zama a nan.

Masai ma ba su ne na farko ba. Kafin su akwai makiyayan Datoga. Ta yamma akwai Ikoma da Nata da Ishenyi da Ngoreme, manoma kuma maharba, waɗanda suke da wuraren ibada da rijiyoyi da hanyoyin kasuwanci a cikin abin da yake gandu yanzu. Wuta da suke sakawa a kan lokaci tana cikin abin da ya hana filin komawa kurmi.

Fitar da su ta faru a hankali, ta hanyar takarda. A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin mallaka suka yi taro a Landan kan kare namun dajin Afirka. A 1903 wasu manyan Ingila, da yawansu tsofaffin maharba, suka kafa ƙungiyar kare dabbobin daular, har jaridu suka yi musu laƙabi da mahautan da suka tuba. Dokokin da suka biyo baya sun halatta farauta ga mai lasisi da bindigar zamani, suka haramta tarko da raga da rami. Da haka mutumin Ikoma da ya gaji farauta daga kakanninsa ya wayi gari ɓarawon nama, baƙon da ya zo daga Landan kuma ya zama ɗan wasa. Taron Landan na biyu a 1933 ya ɗauko tsarin gandun ƙasa irin na Yellowstone ta Amurka, wadda aka kafa a 1872, ita ma bayan an kawar da 'yan asalin wurin.

A 1951 Serengeti ta zama gandun ƙasa, kuma a lokacin ta haɗa har da tsaunukan Ngorongoro. Da farko an bar Masai a ciki, amma rikici tsakaninsu da hukumar gandun bai lafa ba. A 1956 gwamnatin Tanganyika ta ba da shawarar rage gandun don a bar wa makiyaya fili, ƙungiyoyin Turai da Amurka suka yi ca. Aka kafa kwamitin bincike, aka yanke shawarar raba ƙasar biyu: Serengeti ta dabbobi zalla, Ngorongoro ta dabbobi da mutane tare. A 1958 wasu dattawan Masai suka sa hannu a takardar barin Serengeti, bisa alkawarin ruwa da makiyaya a Ngorongoro. A 1959 aka kwashe su, Gwamna Richard Turnbull kuma ya tabbatar musu cewa idan bukatar dabba da tasu suka ci karo a sabon mazauninsu, tasu ce za ta rinjaya.

Mutumin da ya sa duniya ta san sunan Serengeti ya iso ana tsakiyar wannan ja-in-ja. Bernhard Grzimek, shugaban gidan namun daji na Frankfurt a Jamus, da ɗansa Michael sun zo da ƙaramin jirgin sama mai fentin jakin dawa, suka ƙirga dabbobin daga sama, suka bi hanyar ƙaurarsu don nuna cewa sabuwar iyakar ba ta dace da ita ba. A watan Janairun 1959 jirgin Michael ya yi karo da ungulu ya faɗi, ya mutu yana da shekara 24, aka binne shi a bakin kwarin Ngorongoro. Fim ɗin da suka yi, mai taken cewa Serengeti ba za ta mutu ba, ya ci kyautar Oscar a 1960. Aikinsu ya jawo wa gandun kuɗi da masana da kariyar da ba don ita ba da wuya ya kai yau. Shi ne kuma ya kafa wa miliyoyin masu kallo ra'ayin cewa gandu na gaskiya shi ne wanda ba mutum a cikinsa, ko da ɗan asalin wurin ne.

La'asar: neman karkanda

Da la'asar sakaliya ake sake fita, yawanci don cike gurbin da ya rage a jerin biyar ɗin nan, kuma kusan kullum karkanda ce ta rage. Direbobi suna ta kiran juna a rediyo, mota goma ta taru a kan wani baƙin ɗigo can nesa, kowa ya ɗaga madubin hangen nesa. Ƙarancinta ya samo asali ne bayan 'yancin kai.

Masu kare namun daji na Turai sun ji tsoron cewa gwamnatocin Afirka za su rusa gandayen da zarar Turawa sun tafi. Ba haka ta faru ba. A watan Satumban 1961, wata uku kafin 'yancin Tanganyika, Julius Nyerere ya fitar da sanarwar Arusha, inda ya ɗauki alkawarin riƙe namun daji amana ga jikoki, ya kuma nemi taimakon duniya da kuɗi da ƙwararru. Gwamnatinsa ta ƙara yawan gandaye fiye da yadda ta gada. Nyerere ya ga abin da zai kawo kuɗin waje ga ƙasar da ba ta da man fetur.

Jarrabawar ta zo a 1977. Ƙungiyar Gabashin Afirka ta rushe, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya har zuwa 1983. Da yake yawancin baƙi ta Nairobi suke shigowa, sai kasuwar ta mutu, masu gadin daji suka rasa albashi da man mota. A daidai lokacin farashin ƙahon karkanda ya yi tashin gwauron zabo, saboda masu yin ƙotar wuƙa a Yaman da masu haɗa magani a Gabashin Asiya. Cikin 'yan shekaru karkandar Serengeti ta faɗo daga ɗaruruwa zuwa abin da ake ƙirgawa da yatsun hannu. Giwaye ma sun sha kashi a duk yankin, har a watan Yulin 1989 Shugaba Daniel arap Moi na Kenya ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a bainar jama'a, a shekarar kuma aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. 'Yan karkandar da ake gani a Moru yau, ana gadinsu dare da rana.

Wannan babi ya kamata ya sa mai sukar gandu ya yi adalci. Inda aka janye tsaro, dabba ta ƙare cikin shekara goma. Ɓaunar Amurka da take miliyoyi ta koma 'yan ɗaruruwa kafin 1890. A Kenya, ƙaurar nyumbu ta filayen Loita, a wajen gandu, ta durƙushe a zamaninmu bayan an yanka ƙasar an kewaye ta da waya. A Afirka ta Yamma baki ɗaya binciken da aka wallafa a 2014 ya kiyasta zakunan da suka rage da kimanin 400, alhali yankin Serengeti kaɗai yana da kusan 3,000. Ba don iyakar 1959 da masu gadinta ba, da wuya a ce garken nan yana nan.

Magariba: wa ya biya kuɗin kallon

Dab da faɗuwar rana direba zai tsaya a wani tudu a fito da abin sha, al'adar da aka gada daga jami'an mulkin mallaka. Sannan a yi sauri a koma masauki, domin doka ta hana yawo a gandun da dare. Baƙo ya biya kuɗin shiga da na kwana da dala, kuma wannan kuɗi yana cikin manyan hanyoyin da Tanzaniya take samun kuɗin waje. Dubban 'yan ƙasar, direbobi da kuku da masu gadi, da shi suke ciyar da iyali.

Sai dai can gabas da iyaka, jikokin waɗanda aka kwashe a 1959 suna da nasu lissafin. A tsakiyar shekarun 1970 aka fitar da su daga cikin kwarin Ngorongoro aka hana su noma. An ɗage hanin a 1992, aka maido shi a 2009. Yawansu a yankin ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 100,000. Gwamnati tana cewa ƙasar ba za ta iya ɗaukar wannan jama'a da dabbobinsu ba, tana kuma kwashe waɗanda ta ce sun amince zuwa Msomera a lardin Tanga, ɗaruruwan kilomita daga gida. Mazauna da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa an tsuke musu asibiti da makaranta ne don su gaji su tashi. A watan Yunin 2022, a Loliondo da ke maƙwabtaka, jami'an tsaro suka kafa turakun keɓe murabba'in kilomita 1,500 na makiyaya, yankin da wani kamfani mai alaƙa da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya daɗe yana da izinin farauta tun farkon shekarun 1990. An yi arangama, ɗan sanda ɗaya ya mutu, Masai da dama suka jikkata, wasu suka tsere Kenya. A watan Agustan 2024 dubbansu suka tare hanyar da motocin baƙi suke bi zuwa Serengeti, suna tuna wa hukuma alkawarin da aka yi wa kakanninsu.

Akwai wata hanyar da ake gwadawa a ɗaya gefen iyaka. A kewayen Masai Mara ta Kenya, ɗaruruwan masu filaye sun haɗa gonakinsu sun ba kamfanonin yawon buɗe ido haya, ana biyansu duk wata, ana kuma barin shanu su yi kiwo bisa tsari. Tsarin yana da nasa matsaloli, musamman ga wanda ba shi da takardar fili da kuma lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa kamar a 2020. Duk da haka zakuna suna hayayyafa a waɗannan wurare, makiyayi kuma yana da dalilin barinsu da rai.

Daga Seronera zuwa Wikki

Mai karatun da bai taɓa zuwa Tanzaniya ba wataƙila ya taɓa yin irin wannan wuni a Yankari ta Jihar Bauchi: shiga mota da safe, bin gaɓar Kogin Gaji ana neman giwa da gwanki da ɓauna, a dawo a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Yankari 'yar zamani ɗaya ce da Serengeti. Gwamnatin Jihar Arewa ta amince da keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a watan Disamban 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Ita ma tana da shaidar mutanen da suka riga dabbobin kallo: tsofaffin murahun narka tama, da koguna da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari. Ita ma tana fama da tambayoyin da suka dami Ngorongoro, na makiyayin da burtalinsa ya toshe yana hangen ciyawa a bayan iyaka, da manomin da giwa ta tattake masa gonar shekara a dare ɗaya.

Darasin Serengeti ga masu tsara manufa a wajenmu fuska biyu gare shi, kuma ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Gandun da ba shi da masu gadi masu albashi da mota da man fetur, suna kawai ya rage masa, kamar yadda shekarun 1977 zuwa 1983 suka nuna. Gandun da aka kafa a kan alkawarin da ba a cika wa maƙwabtansa ba kuwa, rikicinsa yana nan yana jira ko bayan shekara sittin. A Kouré ta Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996. A cikin gonakin gero da wake suke yawo, ba shinge, kuma da aka haɗa tsaro da tallafa wa ƙauyukan da suke zaune da su, sun haura 600.

Idan Allah ya kai ka Serengeti, ka tashi da asubar, ka kalli garken har ka ƙoshi, domin babu irinsa a duniya. Idan an tsaya cin abinci da rana, ka roƙi jagora ya bi da kai ta Moru, ka tambaye shi su wa suka yi zanen da ke jikin kogon, da inda jikokinsu suke kiwo a bana.